Daga Ƙofar Wambai Zuwa "Jaruma": Yadda Waƙa Ta Bar Gidan Fim

Lokacin da na fara zama a bakin fiyano a wani situdiyo a Kano, babu wanda yake zuwa da waƙa don a sake ta ita kaɗai. Furodusa ne ke zuwa da labarin fim a aljihu, wani lokacin ma ba a gama rubuta labarin ba, ya ce yana son waƙoƙi uku: ta haɗuwa, ta rabuwa, da ta rawa. Mu buga kiɗa, mawaƙi da mawaƙiya su shiga ɗakin ɗaukar murya, a sallame su su tafi. Shi ke nan. Jarumi ne zai hau kan waƙar ya yi mamin, shi za a gani, shi za a yaba. Na taɓa shiga motar haya da wani mawaƙi, muryarsa na tashi a rediyon motar, fasinjoji na gardamar wane jarumi ne ya fi iya waƙa, shi kuwa mai muryar yana takure a kujerar baya kwandasta na jiran kuɗin mota.

Shata ya rasu a 1999, ba a jima ba fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya cika gari, da Ali Nuhu da Fati Muhammad a ciki. Waƙar fim ɗin, wadda aka buga da fiyanon Yamaha mai kwaikwayon ganga da sarewa, ita ta buɗe wa 'yan kasuwa ido. Suka gane waƙa ce ke sayar da fim. Daga nan aka ɗauki al'adar sakin kaset ɗin waƙoƙi kafin fim ya fito, don ya share masa hanya. Dattawa suka raɗa wa abin suna nanaye, da nufin raini, sunan kuma ya bi mu har yau.

A wancan zamani ba mu da jadawalin waƙoƙi irin na Turawa, babu mai ƙirga kwafin da aka sayar. Jadawalinmu shi ne kasuwar Ƙofar Wambai. In ka saki kaset ranar Litinin, kafin Juma'a dillali ya aiko a ƙaro masa, to waƙa ta karɓu. In kuma ka je shagonsa ya tsaya yi maka doguwar gaisuwa, yana tambayar iyali da gajiya, ka san kayanka na nan jibge a ƙarƙashin kanta. Sauran alamomin a titi suke: teburin mai shayi, ɗan acaɓa, da 'yan mata masu talla. Ni dai ban taɓa ganin ma'aunin da ya kai yarinya mai tallar gyaɗa gaskiya ba. In ta wuce tana rera amshinka, ba ka buƙatar kowa ya faɗa maka matsayinka.

Bidiyon waƙa mai zaman kansa da wahala aka haife shi. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano ta kafu a 2001, kuma bayan rikicin da ya girgiza masana'antar a 2007 ta ƙara ɗaure igiya. A shekarar ce aka ɗaure Adam A. Zango kan kundin bidiyonsa Bahaushiya, bisa tuhumar sakin sa ba tare da an tace ba. Aiki ya tsaya cik a Kano, mutane da yawa suka tattara suka koma Kaduna. Bayan shekara tara, a 2016, ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon "I Love You" na ClassiQ, mawaƙin Jos. Duk mai ɗaukar bidiyon waƙa a Arewa yana aiki ne da waɗannan labarai biyu a ransa. Shi ya sa za ka ga saurayi da budurwa a bidiyo suna zagaya juna kamar akwai wuta a tsakaninsu, darakta na bayan kyamara yana ta cewa a ja baya kaɗan.

Abin da ya kashe kaset da faifan CD kuwa ɗan ƙaramin abu ne da bai kai farce ba: memori. Masu turi suka kafa tebura da kwamfuta a kasuwar waya ta Farm Centre da bakin kowace tasha, ka ba da 'yan canji a cika maka waya da waƙoƙi. Wanda aka tura wa ya tura wa abokinsa ta bulutut, daga baya ta Xender. Mun yi kuka, mun yi taro, mun kira su ɓarayin zaune. Amma gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci: masu turin nan su suka fito da sunan mawaƙi. A kan kwamfutarsu ba a jera waƙa da sunan fim, da sunan mai murya ake jera ta, domin haka mai saye yake tambaya. A wannan zamani ne sunaye irin su Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Nazifi Asnanic da Ali Jita suka zama abin da ake nema da kansu, ko da fim ko babu. Ciniki ya mutu, suna ya rayu, sai mawaƙa suka koma cin abinci da sunan: waƙar amarya da ango, wasan Sallah a Maraɗi da Damagaram da Yamai, da kuma waƙar siyasa, inda kuɗin gaske yake.

Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma shirinta na Zafafa Goma, wanda Nomiis Gee ya gabatar, shi ne ya saba wa matasanmu da jin ana ƙirgo bidiyon waƙoƙi daga na goma zuwa na ɗaya. Ya canza lissafi a situdiyo. Yaro ya daina tambayar wane furodusa zai sayi waƙarsa, ya koma tambayar nawa ake ɗaukar bidiyo.

Sai 2020. Korona ta rufe gari, babu biki, babu gala, babu taro, wato duk ƙofofin da mawaƙi ke samu sun toshe. A cikin wannan kulle ne "Jaruma" ta Hamisu Breaker, ɗan Ɗorayi, ta tashi. Ba a rataye ta a wuyan wani fim ba. Waƙar soyayya ce mai sanyin kiɗa, irin wadda da a shekarun baya ne sai a ba jarumi ya hau. Abin da ya ɗaga ta shi ne matan aure da suka riƙa ɗaukar kansu a waya suna taka rawa a gaban mazajensu a cikin falo, suna sakawa a Instagram da sauran shafuka. Malamai suka yi wa'azi, aka yi ta muhawara a rediyo da shafukan sada zumunta kan ko ya dace sirrin ɗaki ya fito waje, kuma kowace muhawara ƙarin talla ce. Bidiyon waƙar, wanda Momee Gombe ta fito a ciki, ya tara miliyoyin masu kallo a YouTube, ita ma sunanta ya ƙara fitowa ta dalilinsa. Ka ga abin ya juye: da jarumi ne ke ɗaga waƙa, yanzu waƙa ce ke ɗaga jaruma.

Mu da ke cikin sana'ar, darasin da muka ɗauka daga "Jaruma" bai yi mana daɗi duka ba. Mun ga cewa bidiyon da ya fi tasiri ba namu ba ne, na masu sauraro ne, wanda aka ɗauka da waya ba haske ba darakta. Tun daga nan ake gina waƙa da tunanin 'yan daƙiƙoƙin da za a yanka a ɗora a TikTok. Da Ado Gwanja ya saki "Warr" da "Chass" a 2022, kowa ya ga yadda gaɓa ɗaya ke zaga duniya kafin mutane su ji waƙar daga farko zuwa ƙarshe. Yau yaro zai shigo ya ce min in kawo amshi tun a farkon kiɗa, kar a tsaya shimfiɗa. Ina yi masa, don shi ke biya, amma ina kewar baiti mai tsawo wanda ake jira a ji inda zai sauka.

Yanzu akwai alƙaluma, ba kamar da ba. Boomplay na zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix, Audiomack ya samu karɓuwa wajen matasa, Spotify ya shigo Najeriya a 2021, kuma TurnTable ta fara fitar da jadawalin waƙoƙin ƙasar a 2020. Sai dai wanda ya duba waɗannan jerin zai ɗauka Legas kaɗai ake waƙa. Dalilin a fili yake: mai sauraronmu na Gumel ko Tasawa har gobe turi ake yi masa, ko ya karɓa ta WhatsApp, ya ji waƙa sau ɗari ba tare da na'ura ta ƙirga ko ɗaya ba. Waƙar da ake kiɗawa a kowane gidan biki daga Sakkwato zuwa Garwa tana iya rasa gurbi a jadawalin da aka ce na ƙasa ne.

Wani abin takaicin kuma namu ne, ba na kowa ba. Waƙoƙi da yawa da muka buga suna kan YouTube a tashoshin mutanen da ba su san ƙofar situdiyo ba, su ke karɓar kuɗin talla. Don haka ƙannena masu tasowa, kafin ku saki waƙa ku buɗe tasha da sunanku, ku fara ɗora ta a can, sannan ku zauna da mai kiɗa ku rubuta a takarda kason kowa, ku sa hannu a gaban shaidu.