Babi Na Uku: Yadda Garin Ennis Ya Rungumi Kwamfuta, 1996-2002

3.1 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda tattalin arzikin ƙasar Ailan ya bunƙasa daga farkon shekarun 1990, musamman bayan da kamfanonin Amurka irin su Intel da Dell suka kafa masana'antunsu a ƙasar. A wannan babi kuwa za a dubi wani ƙaramin gari guda ɗaya, wato Ennis, domin a ga yadda jama'arsa suka tashi tsaye neman kwamfuta da intanet, da kuma abin da ya biyo baya.

3.2 Gasar Da Aka Sa

Ennis shi ne babban garin gundumar Clare a yammacin Ailan, yana bakin kogin Fergus, ba shi da nisa da filin jirgin sama na Shannon. A lokacin da ake magana a kai mutanensa ba su kai 20,000 ba. An fi sanin garin da kiɗan gargajiya, da kuma zaɓen shekarar 1828 wanda ya ba Daniel O'Connell kujerar Clare a majalisar Birtaniya.

A shekarar 1996 kamfanin tarho na gwamnati, Telecom Éireann, ya sa gasa tsakanin ƙananan garuruwan ƙasar. Garin da ya ci za a kashe masa fam miliyan 15 na kuɗin Ailan, a mayar da shi zakaran gwajin dafi, a ga abin da zai faru idan aka wadata al'umma guda da na'urorin sadarwa. Garuruwa fiye da 40 suka shiga. Ya kamata a lura cewa kamfanin ba sadaka ya yi niyya ba. Yana son ya san abin da mutane za su saya nan gaba, tun kafin a buɗe kasuwar tarho ga 'yan gasa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne irin gangamin da mutanen Ennis suka yi. An kafa kwamiti wanda ya haɗa 'yan kasuwa da malaman makaranta da jami'an hukumar gari, aka shiga wayar da kan jama'a, har maganar ta zama ta kowa da kowa. Mutanen da ba su taɓa taɓa kwamfuta ba su ma suka sa baki, don kuwa abin ya koma batun martabar gari. A watan Satumba na 1997 aka bayyana Ennis a matsayin wanda ya yi nasara. Sauran ukun da suka kai zagayen ƙarshe, wato Castlebar da Kilkenny da Killarney, aka ba kowannensu fam miliyan ɗaya.

3.3 Rabon Na'urori

Babban abin da aka yi da kuɗin shi ne sayar wa gidaje kwamfuta a kan fam 260, kuɗin da bai kai rubu'in farashinta a kasuwa ba. Sharaɗin shi ne wani daga cikin gidan ya nuna ya iya amfani da ita, ko kuma ya halarci ɗan gajeren horo. Ta haka sama da kashi 80 cikin 100 na gidajen garin suka mallaki kwamfuta, alhali a sauran sassan ƙasar gidaje ƙalilan ne suke da ita. Haka kuma an zuba na'urori a makarantu, an horar da malamai, an taimaka wa 'yan kasuwa buɗe shafukan intanet. A ganin wannan nazari, a makarantu ne shirin ya fi yin tasiri, saboda a can akwai mai koyarwa kullum, kuma akwai dalilin kunna na'urar kowace safiya.

3.4 Inda Aka Sami Tangarɗa

Ba duk abin da aka gwada ne ya karɓu ba. An kawo katin biyan kuɗi na Visa Cash domin ƙananan sayayya, amma mutane suka ci gaba da amfani da tsabar kuɗinsu, domin ba su ga abin da katin ya rage musu na wahala ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne na marasa aikin yi. A da sukan je ofishin jin daɗin jama'a su sa hannu kafin su karɓi tallafinsu. Sai aka ce su riƙa yin haka daga gida ta kwamfuta. Warschauer (2003) ya nuna cewa da yawansu ba a koya musu yadda ya kamata ba, kuma zuwa ofishin nan, duk da layin da ake bi, shi ne damar da suke samu ta haɗuwa da mutane su yi hira. Da aka raba su da wannan, sai aka ƙara musu kaɗaici. An ma ruwaito cewa wasu sun sayar da na'urorin, suka koma sa hannu kamar da. Masanin ya ƙara da cewa garuruwan da suka sami fam miliyan ɗaya kacal, ƙarancin kuɗin ya tilasta musu zama su tsara abin da suke bukata tukuna kafin su sayi kaya. Ana iya cewa hukuncinsa ya ɗan yi tsauri, tunda dai Ennis filin gwaji ne, kuma gwajin da ya faɗi shi ma ya ba da amsa. Sai dai wanda aka yi gwajin a kansa ba lalle ne ya kalli abin haka ba.

Akwai kuma matsalar layi. Ta wayar tarho ake shiga intanet a lokacin, ana biya gwargwadon mintocin da aka yi, don haka gidan da ya sami kwamfuta da araha yakan ji tsoron takardar kuɗin tarho a ƙarshen wata. A shekarar 1999 aka sayar da hannayen jarin Telecom Éireann ga jama'a, sunansa ya koma Eircom, kuma hankalin sababbin masu shi ya karkata ga riba. An rufe shirin a 2002, shekarar da aka fara sayar da intanet mai sauri ta layin tarho a Ailan, lokacin kuwa kwamfutocin da aka raba sun riga sun tsufa. Babi na huɗu zai dubi yadda Kilkenny da Castlebar suka sarrafa nasu kason.