Wa Ya Raɗa Wa Kafeyin Suna?

Mai cin goro ya san abin da yake nema: ido ya bushe, barci ya kau. Masana sinadarai sun tatso abin da ke yin wannan aikin, wani farin gari mai ɗaci da suke kira kafeyin. Sunan ne ya tsaya mini a rai. Ina ruwan ɗan goro da kofi?

Tushen kalmar Larabci ne, ƙahwa. Turkawa suka ce kahve, Italiyawa suka ce caffè, ta bi bakin Ingilishi ta iso mana da sunan kofi. Ta wata hanyar kuma, a bakin Larabawan da ke mayar da ƙ ta koma g, irin na Sudan, ta zo mana a gahawa. Ashe gahawa da kofi Hassan da Husaini ne, hanya ce kawai ta raba su.

A 1819 marubucin Jamus Goethe ya miƙa wa wani matashin masani, Friedlieb Runge, 'ya'yan kofi ya bincika, shi kuwa ya ware sinadarin. Faransawa suka ɗauki café, wato kofi a bakinsu, suka liƙa mata ɗafa-ƙeyar nan -in, wadda a wannan fage take nuna abin da aka tatso daga wani abu.

Sai a 1827 wani Bafaranshe, Oudry, ya fitar da farin gari daga ganyen shayi, ya sa masa teyin. Sai da aka kai 1838 kafin a tabbatar cewa kafeyin ɗin ne dai. Teyin ma tana da nata tagwayen: te na mutanen gaɓar Fujian a Sin ya ba mu ti, cha kuwa ya ratso ta Farisa da ƙasar Larabawa ya zama shayi. Teburin mai shayi ɗaya, kalmomin biyu duk suna kai.

To, goro fa? Fatake sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗauko shi daga Gwanja zuwa Kano, amma sai a 1865 John Attfield ya auna shi a Landan, ya ce teyin ne a ciki. Da goron ne ya fara shiga hannun Runge, da wani sunan muke faɗa yau. Goron da ba a raɗin suna sai da shi, a wannan karon ya tarar har an shafa fatiha.