Tarihin ramuka biyu na bayan amfilifayar jita, da yadda ake gano matsalarsu

Idan kana da amfilifayar jita, ko kana yi wa wasu gyaranta, juya bayanta ka duba. A da yawa daga cikinsu za ka ga ramuka biyu gefe da gefe, ɗaya an rubuta masa Send, ɗayan Return, wani lokaci da FX Loop a samansu. Wasu sun shekara goma da amfilifaya ba su taɓa soka komai a nan ba. Amma ramukan nan suna cikin abubuwan da suka fi sa a ce amfilifaya mai lafiya ta mutu. Sauti ya riƙa ɗaukewa ana tsakiyar wasa, mai ita ya sayar da ita a wulaƙance, ko ya biya kuɗi a canza masa kayan da ba su lalace ba. In ka san dalilin da ya sa aka huda ramukan tun farko, gano ciwonsu ba zai ba ka wahala ba.

LOKACIN DA BABU SU

An fara sayar da jitar lantarki a Amurka a 1932, daga kamfanin da aka sani da Rickenbacker. A 1946 Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne, ya kafa kamfanin Fender a Kalifoniya. A 1962 kuma Jim Marshall ya fitar da JTM45 a Landan, ya ɗora ta a kan tsarin Bassman ta Fender. Dukkansu kwalaben lantarki suke amfani da su, waɗanda masu gyara ke kira bawul, kuma dukkansu kashi biyu ne a ciki. Akwai sashen gaba, wanda ke karɓar ɗan siririn sautin jita ya ƙara shi ya gyara masa murya. Sai sashen ƙarfi, wanda ke tura lasifika.

A wancan zamani in kana son eko, to a gaban amfilifaya za ka sa shi: jita ta shiga na'urar eko, ita kuma ta shiga amfilifaya. Haka aka yi da Echoplex mai aiki da zaren kaset a farkon shekarun 1960, haka aka yi da Space Echo ta kamfanin Roland da ta fito a 1974. Ba a samu wata babbar damuwa ba, domin sashen gaba na waɗannan amfilifayoyi bai cika gurɓata sauti ba.

RANAR DA KAUSHI YA CANZA WURI

Makaɗa sun daɗe da gano cewa in aka ƙure murya, sautin jita yana yin wani kaushi mai daɗi, ya kuma daɗe bai mutu ba. Matsalar ita ce sai an ƙure har kunne ya yi ciwo. A farkon shekarun 1970 wani mai gyara mai suna Randall Smith, wanda ya kafa Mesa/Boogie, ya jera matakan ƙara sauti ɗaya bayan ɗaya a sashen gaba, kaushin ya koma samuwa tun daga can. Marshall ma ta bi sahu a tsakiyar shekarun 1970, ta ƙara maɓallin babbar murya, yadda za ka samu kaushi ba tare da ka tashi maƙwabta ba.

To a nan eko ya shiga uku. Kaushi yana danne sauti mai ƙarfi, ya ɗaga mai rauni. Shi kuwa eko, daɗinsa shi ne kowane maimaici ya fi na gabansa rauni har ya ɓace. In ka sa eko kafin kaushi, sai a ɗago maimaicin ya yi kusan kai ɗaya da sabon bugu, ka ji kamar mutum uku na magana a lasifika guda. Dole eko ya zo bayan kaushi. Amma kaushin yanzu yana cikin akwati, ta ina za ka shiga?

Amsar ita ce a yanke hanyar sauti tsakanin sashen gaba da sashen ƙarfi, a fito da bakin biyu waje. Send shi ne ƙofar fita, Return ƙofar dawowa. Masu situdiyo sun riga sun saba da wannan dabara a kan mikisa, aro ta aka yi. Wajen 1980 ta bayyana a jerin Mark II na Mesa/Boogie, sannan a wasu samfuran JCM800 na Marshall masu layi biyu, daga nan ta zama ruwan dare.

Ka riƙe wani abu guda daga shekarun 1980, zai yi maka amfani a ƙasa. A lokacin, manyan makaɗa na'urorin situdiyo suke sakawa a wannan zagaye, masu karɓar sauti mai ƙarfi. A lokaci guda kuma ƙananan fedal na takawa da ƙafa suna yaɗuwa, irin su DD-2 ta Boss da ta fito a 1983, kuma akasarin fedal don raunin sautin jita aka ƙera su. Ba a taɓa haɗuwa a kan ma'auni ɗaya ba. Rigimar tana nan har yau.

YADDA ABIN YA ISO MANA

Kiɗan Hausa na gargajiya bai jira jita ba. Mamman Shata da kalangu ya yi zamaninsa, Ɗanmaraya Jos da kuntigi. Jitar lantarki ta hanyoyi biyu ta fi shigowa yankinmu. Ta kudu, tare da ƙungiyoyin kiɗan otal da na coci. Ta arewa kuma, tare da Abzinawa: Tinariwen da suka ci kyautar Grammy a 2012, Abdallah Oumbadougou, Bombino na Agadas, da Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, ya yi ta yawo a wayoyin hannu kafin Turawa su ji labarinsa. Mu a Katsina da muke bin Jibiya mu faɗa Maraɗi, wannan sauti ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Yau in ka shiga wurin taro ko shagalin biki a GRA, ko ba ka ga jita ba za ka ga 'yar'uwar wannan dabara. Ramin Insert da na Aux a jikin mikisa, inda ake saka ekon makirufo, tsarin fita da dawowa ne shi ma. Saboda haka abin da ke tafe ya shafi mai haya da kayan sauti kamar yadda ya shafi mai jita.

Sai dai waɗanda suka ƙera kayan nan ba da ƙurar hunturun Katsina suka yi lissafi ba, ko sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareto ana tsakiyar taro. Da yawa cikin kayan kuma na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su zo.

INDA CIWON YAKE ƁUYA

A cikin ramin akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai kamar harshe. In babu abin da aka soka, shi ke haɗa fita da dawowa, sautinka gaba ɗaya ta kansa yake wucewa. Ka gane? Ko ba ka taɓa amfani da zagayen ba, kullum kana bi ta cikinsa. Ƙura ta shiga da hunturu, laima ta biyo da damina, sai datti ya hau harshen. Alamarsa: murya ta ragu da kanta, ko ta riƙa ƙaraf-ƙaraf, in ka ɗan bugi akwatin ta dawo.

Ga yadda za ka bi, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsallake.

1. Cire duk fedal. Ɗauki gajeriyar waya mai lafiya ka haɗa Send da Return kai tsaye. In sauti ya dawo garau, harshen nan ne. Kashe amfilifaya, fesa maganin wanke mahaɗar lantarki a kan jak, ka soka ka zare kamar sau goma. Ban da fetur, ban da kalanzir, ban da man inji. In ba ka da maganin, bar gajeriyar wayar a wurin, babu abin da za ta lalata.

2. In bai gyaru ba, mayar da muryar jita sifili, ka soka jitar kai tsaye a Return, sannan ka buɗe a hankali. A hankali fa, domin a wasu amfilifayoyi maɓallin murya ba ya aiki ta wannan ƙofa. In ka ji sauti mai tsabta, ko da ba shi da ƙarfi, sashen ƙarfi da lasifika lafiya lau, ciwon yana sashen gaba. In shiru ne ko ƙaraf-ƙaraf, to yana baya.

3. Don ka tabbatar, ja waya daga Send zuwa mikisa ko Return na wata amfilifaya. In mai bawul ce, kada ka cire mata lasifika tana kunne, taransifomarta na iya ƙonewa.

4. In amfilifaya ita kaɗai lafiya, dawo da fedal ɗaya-ɗaya. Send yana zuwa Input na fedal, Output na fedal yana zuwa Return. Juya su shi ne kuskuren da ya fi yawa, sakamakonsa shiru. Kuma tuna tarihi: eko da masu faɗaɗa sauti su aka yi wa zagayen. Fedal ɗin kaushi da wah-wah a gaba suke zama, tsakanin jita da amfilifaya.

5. In eko yana tsagewa kamar lasifika ta yage, ko murya ta faɗi da zarar ka saka fedal, rigimar ma'aunin nan ce. Duba kusa da ramukan, wasu suna da maɓalli mai +4 da -10. Na farko kusan bolt 1.23 ne, na na'urorin situdiyo. Na biyu kusan bolt 0.32, wanda ya fi dacewa da fedal. Bambancin ya kusa ninki huɗu. In babu maɓallin, rage muryar layin da kake ciki, ka ƙara babbar murya.

6. In akwai maɓallin Mix kusa da ramukan, zagayenka irin mai raba hanya biyu ne: wani kaso na sautin ya wuce kai tsaye, wani ya bi ta fedal, su haɗu a gaba. Fedal na dijital yana ɗan jinkirta abin da ya bi ta cikinsa, in suka haɗu sai sautin ya yi rami, kamar ana kiɗa a cikin bututu. Saita fedal ɗin ya fitar da eko zalla, ko ka ƙure Mix.

7. In gurnani ne mai "huuum" da ba ya tsayawa, wuta ce. Wutarmu bolt 230 ce mai juyi 50 a daƙiƙa, wannan juyin kake ji. Yakan faru in amfilifaya tana soket ɗaya, adaftar fedal tana wani soket a ɗaya bangon. Mayar da su kan soket mai baki da yawa guda ɗaya. Gwada fedal da batir mai bolt 9: in gurnanin ya tafi, adafta ce, canza ta. Ka tabbata wayoyin zagayen irin na jita ne masu rufin kariya, ba na lasifika ba, kuma ka nisanta su da wayar wuta.

GARGAƊI

Za ka ji wani ya ce karya ƙafa ta uku ta filogi, gurnani zai tafi. Wataƙila ya tafi. Amma ƙafar nan ita ce ke kai wuta ƙasa ranar da wani abu ya taɓa jikin akwatin. Zaren jita a haɗe yake da jikin amfilifaya, yatsunka kuma suna kan zaren. In babu ita, kai ne hanyar. An yi makaɗan da suka rasa ransu a kan dandamali ta irin wannan jan wuta.

Haka nan kada ka buɗe cikin amfilifaya mai bawul in ba aikinka ba ne. Akwai kafasito a ciki masu riƙe sama da bolt 400, kuma suna iya riƙe shi bayan an zare filogi. In kuma ta hannu ce daga Amurka, karanta bayanta kafin ka jona, tasu wutar bolt 120 ce. Lokacin da za a sauya zuwa janareto, kashe ta tukuna, a tayar, wuta ta daidaita, sannan ka kunna.

In ka bi matakan nan bakwai abin bai gyaru ba, ba ka yi asarar lokaci ba. Yanzu in ka je wurin mai gyara ba za ka ce masa "ta daina yi" kawai ba. Za ka ce: na haɗa fita da dawowa bai canza ba, na soka jita a Return ta yi garau, duba mini sashen gaba. Aikinsa ya ragu, kuɗinka ma ya ragu. Kafin hunturu mai zuwa ya kama, ka nemi gajeriyar waya ɗaya ka jefa a jakar jita, sannan ka ɗinka wa amfilifayar riga ko da ta atamfa ce, ka riƙa rufe ta in an gama aiki.