Idan mota ta kafe: abin da igiya da sarƙa ke iya ɗauka, da inda suke kashe mutum

Daga watan Yuli zuwa Satumba, duk mai bin hanyoyin karkara a Arewa ya san wannan yanayi: mota ta nutse a taɓo, fasinjoji sun sauka sun naɗe ƙafar wando, samarin gari sun kewaye ta, wani kuma ya ruga neman sarƙa. A ƙasar firgi ta gabashin Borno, wajen Dikwa da Gamboru Ngala, laka kan riƙe babbar mota kwana da kwanaki. A hanyar Agadas zuwa Dirku kuwa rairayi ne ke kama taya. Kafewar kanta ba kasafai take kisa ba. Haɗarin yana zuwa ne a lokacin ja.

Mutane kan auna aikin da nauyin motar kaɗai, alhali laka tana da nata riƙon. Ƙa'idar da sojojin Amurka ke koyarwa wajen ceto motocinsu ta nuna cewa motar da ta nutse iya tayoyinta tana buƙatar ƙarfin da ya kai nauyinta, wadda laka ta kai mata saman mazaunin taya tana buƙatar ninki biyu, wadda ta nutse har ɗakin direba kuma ninki uku. Ke nan Hilux mai kaya, wadda nauyinta ya kusa tan 3, tana iya neman jan tan 6 kafin ta motsa. Igiyar ɗaure kaya da ake saya a bakin tasha ba a yi ta don wannan ba.

Shi ya sa shebur ke gaba da igiya. A haƙe gaban tayoyi da ƙarƙashin motar har cikinta ya daina zama a ƙasa, a ɗaga ta da jak bisa katako mai faɗi, a cusa duwatsu ko rassan itace. A sauke kaya da mutane. A rairayi, rage iskar taya zuwa wajen 18 a ma'aunin mai faci yana faɗaɗa tafinta, direbobin Sahara kuma kan shimfiɗa farantan ƙarfe a gabanta. Direban da ya ci gaba da taka totur taya na juyawa a wuri ɗaya, rami kawai yake ƙara wa kansa. Sau da yawa komawa da baya ta sawun da aka shigo ya fi sauƙi.

Abin ja iri uku ne, kuma rikita su shi ne tushen yawancin raunuka. Sarƙa ba ta miƙewa ko kaɗan. Amfaninta ja ne a hankali: a ɗame ta tukuna har ta tashi daga ƙasa, sannan mai ja ya matsa da giya ta ɗaya. Idan aka bar ta a kwance aka taho da gudu aka fizge, dukan gaba ɗaya yana sauka a kan zobe mafi rauni ko a kan ƙarfen da aka ɗaura ta. Igiyar ja mai faɗi ta foliyesta ita ma kaɗan take miƙewa, hukuncinta ɗaya da sarƙa. Ta ukun ita ce igiyar nailan da aka ƙera don fizga, wadda ke miƙewa da kusan kashi 20 cikin 100 na tsawonta, ta tara ƙarfi kamar robar danƙon harbin tsuntsu, ta sake shi a kan motar da ta kafe. Tana aiki sosai, kuma wannan tarin ƙarfin ne ke mayar da duk ƙarfen da ya ɓalle ya zama harsashi. Ninka gudu sau biyu yana ninka ƙarfin sau huɗu, don haka ko da ita, gudun sassarfar mutum ya isa a gwajin farko.

Ostireliya, bayan mace-macen da aka samu a irin wannan aiki, ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kowace igiyar fizga da ake sayarwa. Gargaɗin ya ba da shawarar ƙarfin igiya ya kai ninki 2 zuwa 3 na cikakken nauyin mota, a kuma auna da motar da ta fi sauƙi cikin biyun. Ya ce masu kallo su ja baya aƙalla ninki ɗaya da rabi na tsawon igiyar. Igiya mai mita 9 tana neman a ba ta fili na kusan mita 14 ta kowace fuska. Wanda ya taɓa ganin yadda yara ke cincirindo a kan motar da ta kafe ya san wannan ne sharaɗin da ya fi wuyar cikawa a wurinmu, kuma a ganina shi ya fi kowanne muhimmanci.

Sai wurin ɗauri. Dunƙulen ƙarfen nan na bayan wasu motoci, wanda ake maƙala ƙaramar tirela a kansa, an yi shi ne don ja a kan titi. Fizga tana iya guntule shi, ya taho ta gilashi ya sami direba ko wanda ke kusa da shi. Bamba, sandar sitiyari da ƙananan zobban da ake ɗaure mota da su a cikin jirgin ruwa duk ba wurin ɗauri ba ne. Abin nema shi ne ƙugiya ko zoben da aka ɗaure da manyan kusoshi a jikin shasi, littafin motar kuma yana nuna inda yake. Ƙulli yana iya cinye kusan rabin ƙarfin igiya, jiƙewa ma tana rage na nailan, igiyar da ta fara zarewa ko rana ta cinye ta kuwa ta gama aiki. Idan tilas a haɗa biyu, a zura bakin ɗaya cikin na ɗaya a sa naɗaɗɗiyar jarida a tsakani don a iya kwancewa. Kada a haɗa su da ƙarfe. A jefa bargo mai nauyi ko buhu mai ɗan ƙasa a tsakiyar igiyar, domin in ta tsinke ta faɗi ƙasa maimakon ta yi bulala.

Motocin biyu su daidaita a layi ɗaya, mutum ɗaya tak ya ba da umarni daga gefe inda direbobin biyu ke ganinsa, kowa ya ɗaura bel. Babu mai tura mota daga tsakaninsu, babu mai tsallake igiyar da aka riga aka ɗaura. An gwada sau biyu ko uku ba ta fito ba, a koma ga shebur.

Akwai aikin da ba na igiya ba ne sam. Tirela mai kaya, tifa ko tankar mai sai janwe. Tanka ta fi kowacce: gogar ƙarfe da ƙarfe na iya tayar da tartsatsi kusa da man da ke yoyo, kuma abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda wuta ta kashe fiye da mutum 150 da suka taru a kan tankar da ta kife, ya nuna abin da taro ke jawowa a irin wannan wuri. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122. Ramin da ya kama motar kuwa yana da mai shi: hanyoyin tarayya suna hannun Ma'aikatar Ayyuka da hukumar FERMA da aka kafa a 2002, na karkara kuma galibi na jiha ne ko ƙaramar hukuma, kuma sunan hanyar yakan kasance a cikin kasafin kuɗin da aka wallafa, tare da adadin da aka ware mata.