Ya Da Zango a Wasan Bidiyo: Tarihin Muhawarar Taƙaita Ajiya

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. A kan wannan doka akasarin wasanninmu na gargajiya suka ginu. A wasan dara, alal misali, idan mutum ya ɗaga ɗansa ya ɗora a wani gurbi, to bakin alƙalami ya bushe. Ko ya hango kuskurensa nan take, abokin karawarsa ba zai bari ya janye ba. A ƙarshen ƙarni na 20 sai ga wani baƙon wasa ya ɓullo wanda ya sassauta wannan doka, wato wasan bidiyo, wanda yaranmu ke kira gem. A cikinsa ɗan wasa na iya yin ajiya, ma'ana ya sa na'ura ta riƙe masa matsayin da ya kai, in ya ci gaba aka kashe shi, ya dawo daidai wurin kamar ba a yi komai ba.

Tun daga lokacin masu tsara wasanni da masu buga su suka rabu gida biyu. Wasu na ganin a bar kowa ya yi ajiya a duk inda ya so, wasu kuwa na ganin a ƙayyade ta, domin wasan da babu asara a cikinsa lami ne. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan muhawara, tare da auna ta da wani ma'auni da muka gada, wato zango, da kuma duba halin da 'ya'yan Hausawa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu suka riski wasan a cikinsa.

Zango da Ajiya a Tarihin Fatauci

Kafin zuwan jirgin ƙasa, fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro kan shafe watanni a hanya. Ayari ba ya tsayawa inda kowa ya ga dama. Madugu ne ke yanke wurin da za a ya da zango, bisa la'akari da ruwa da ciyawa da tsaro. A manyan zanguna kuma akwai mai gida, wanda ke saukar da baƙi, ya yi masu dillanci, ya riƙe masu ajiyar kuɗi da kaya. Ke nan amfanin zango biyu ne: hutu, da adana abin da aka riga aka samu. Amma zango ba ya dawo da jiya. Jakin da ya faɗi a fadama ya faɗi ke nan, sai dai falke ya ƙirga ragowar ya ci gaba.

A kan wannan tsari unguwannin Hausawa na Gabas suka kafu. Anaca daɗaɗɗiyar tashar ciniki ce a bakin kogin Kwara. Gano kwal a yankin Udi a 1909 shi ya haifi birnin Inugu, aka kuma kafa Fatakwal a 1912 domin fitar da shi ta teku. Layin dogo ya haɗa biranen biyu a 1916, sannan gadar Makurɗi da aka buɗe a 1932 ta sauƙaƙa gangarowar shanu da wake da albasa daga Arewa. Ibo kan kira irin wannan unguwa Ama Awusa, kasuwar shanu kuwa Gariki. Zama ya yi daɗi har Malam Umaru Altine, wani dillalin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950, ƙarƙashin jam'iyyar NCNC.

A 1966 wannan zama ya wargaje. Bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a Arewa, da ramuwar da ta biyo baya a kan 'yan Arewa a Gabas, gwamnan soja Odumegwu Ojukwu ya umarci waɗanda ba 'yan yankin ba su fice. Aka bar rumfuna da basussuka da ajiyar shekaru. Waɗanda suka komo bayan an gama yaƙin basasa a Janairun 1970 daga tushe suka sake farawa, haka ma maƙwabtansu Ibo da suka koma Kano da Kaduna da Jos. Mun kawo wannan ne domin darasi guda da za mu buƙata nan gaba: asarar da mutum ya jawo wa kansa da kuskuren ciniki daban take da wadda ta faɗo masa daga sama. Ta farko makaranta ce, ta biyu kuwa musiba ce zalla.

Zamanin da Na'ura Ba Ta Riƙe Ajiya

Wasannin farko da suka game duniya, irin su Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980, a kan injinan jefa tsabar kuɗi ake buga su a wuraren shaƙatawa na Japan da Amurka. Babu ajiya a cikinsu, kuma mai injin ba ya son a yi ta, tunda mutuwar ɗan wasa ita ce cinikinsa. Da kamfanin Nintendo ya fito da na'urar gida mai suna Famicom a 1983, sai wasanni suka fara tsawo har ba a iya gama su a zama guda, alhali kaset ɗin ba ya karɓar rubutu. Dabarar da aka fara yi ita ce ta kalmar sirri. Wasan Dragon Quest na 1986 kan ba ɗan wasa haruffa 20 ya kwafa a takarda, na biyunsa kuma da ya fito a 1987 haruffansa kan kai 52. Kuskuren harafi guda ya isa ya rushe wahalar makonni.

A 1987 aka fitar da The Legend of Zelda a Amurka cikin kaset mai ɗan batir da ke riƙe ajiyar mutum uku. Da PlayStation ta kamfanin Sony ta zo a 1994 da faifan CD, wanda shi ma ba a rubutu a kansa, sai aka ware wa ajiya wani kati na daban mai gurbi 15, wanda ake saye da kuɗi. Abin lura a nan shi ne, a wannan zamani taƙaita ajiya tilas ce ta na'ura, ba ra'ayin kowa ba ne.

Daga Tilas Zuwa Ganganci

Sai dai tun da wuri an sami waɗanda suka taƙaita ajiya da gangan. A 1980 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Kalifoniya, Michael Toy da Glenn Wichman, suka ƙirƙiro wasan Rogue. A cikinsa mutum na iya dakatawa ya tafi harkarsa, amma da zarar ya dawo sai a share ajiyar, in kuma ya mutu sai ya koma farko. A ɗaya ɓangaren kuma, wasan Doom na 1993 ya ba masu kwamfuta damar ajiya a kowane taku, har wasu suka mayar da ita sara: a yi ajiya a bakin kowace ƙofa, in an sha kashi a janye.

Fitaccen misali na ganganci shi ne Resident Evil, wasan ban tsoro da kamfanin Capcom ya fitar a 1996 ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami. A nan ba a ajiya sai a gaban tafireta, kuma kowace ajiya na cin zaren tawada guda, zaren kuwa ƙidayayye ne. Ɗan wasa ya zama tamkar falke mai ragowar guzuri: ya kashe zarensa yanzu, ko ya daure zuwa zango na gaba? Wannan ɗar-ɗar ita ce rabin tsoron wasan. Duk da haka kamfanin ya soke zaren a kashi na huɗu da ya fito a 2005, ya bar tafiretar kawai, sannan a sabunta kashi na biyu da aka yi a 2019 ya dawo da shi ga masu zaɓen mataki mafi tsanani kaɗai.

Yadda Wasan Ya Iso Unguwanninmu

A shekarun 1990 na'urorin da suka cika kasuwannin Nijeriya, ciki har da babbar kasuwar Anaca, akasarinsu kwaikwayon Famicom ne daga ƙasashen Asiya, tare da kaset mai ɗauke da wasanni da yawa a cunkushe. Irin wannan kaset ba ya da batir, don haka ba ya riƙe komai. Daga baya gidajen gem suka yaɗu a unguwannin talakawa, har da na Hausawa, inda yaro kan biya kuɗin wasa guda ko na 'yan mintoci. Na'urar ta mai shago ce, katin ajiyar ma nasa ne, ga kuma layin masu jira a bayanka.

Wannan yanayi shi ya tace wasannin da suka karɓu. Ƙwallon ƙafa irin su Winning Eleven da FIFA, da na faɗa irin su Mortal Kombat da Street Fighter, su suka mamaye shaguna, domin ana gama su cikin 'yan mintoci kuma ba sa bin kowa bashin gobe. Wasanni masu dogon labari, waɗanda su ne suka fi kusa da abin da muke nazari a fagen adabi, sai suka zama na masu na'ura a gida. Ko su ɗin ma akwai wani alƙali a kansu da masu tsara wasa a Tokyo ba su sa shi a lissafi ba, wato ɗaukewar wuta. Daga zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, zuwa PHCN a 2005, zuwa kamfanonin rarraba wuta da suka karɓi aikin a 2013, yaron Inugu ko Fatakwal bai taɓa samun tabbacin sa'a guda cur ba. Wanda ya daure ya ƙi kashe zaren tawadarsa, wuta ta ɗauke masa ana saura taku kaɗan ya isa tafireta, bai koyi darasin komai ba. Asararsa irin ta biyu ce.

Inda Muhawarar Ta Dosa

Masu goyon bayan taƙaitawa na da hujja mai ƙarfi. Da-na-sani ƙeya ce, kuma labarin da za a iya janye kowace da-na-sani a cikinsa ya rasa nauyi. Mu da muke koyar da adabi mun san cewa mai sauraren tatsuniya na tsorata ne saboda ba shi da ikon hana Gizo shiga tarko. Masu adawa kuwa na cewa lokacin mutum nasa ne: ga mai aiki, ga mai goyo, ga wanda aka kira salla, don me za a tilasta masa maimaita aikin sa'a biyu?

A ganinmu ɓangarorin biyu sun daɗe suna cakuɗa abubuwa biyu mabambanta, wato damar janye kuskure da haƙƙin ya da zango. Tarihin baya-bayan nan ya nuna haka. Wasan Dark Souls na 2011, duk da shahararsa wajen tsanani, yakan adana kowane motsi da kansa. Mutum na iya tashi a kusan kowane lokaci ya dawo inda ya tsaya, amma ba shi da hanyar soke abin da ya aikata. Kingdom Come: Deliverance kuwa, wanda wani kamfanin ƙasar Cek ya fitar a Fabrairun 2018, ya ɗaure ajiya da shan wani abin sha na cikin wasan ko kwanciya a gado. Ƙorafi ya yi yawa har cikin 'yan makonni aka ƙara masa damar ajiya yayin fita. Haka ta faru da Returnal, wanda ya fito a Afrilun 2021 ba tare da hanyar dakatawa a tsakiyar zagaye ba, sai a Oktoban shekarar aka gyara. A duk wuraren biyu tsananin wasan bai ragu ba, abin da aka mayar wa mutane shi ne ikon tashi su dawo.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu fahimci cewa taƙaita ajiya ta fara ne a matsayin gazawar na'ura, ta rikiɗe ta zama dabarar fasaha, sannan ƙorafin masu wasa ya tilasta a rarrabe tsakanin hukunta kuskure da hukunta uzuri. Madugun kirki ba ya barin ayari ya sauka a kowace inuwa, amma kuma ba ya nesanta zango har jakuna su zube. Ga ɗalibanmu da ke sha'awar shiga wannan fage, ko ta rubuta labarin wasa ko ta tsara shi, shawararmu ita ce su tsara wa mutanen da suka sani: mai aron na'ura, mai ƙirga man janareta, mai jiran kiran salla. Su bar kuskure da nauyinsa kamar yadda yake a dara, su kuma riƙe wa ɗan wasa ajiyarsa da amana irin ta mai gidan zango, wadda baƙo kan dawo bayan shekara ya tarar da ita yadda ya bar ta.