Tarihin Layin Wutar Lantarki da Matsayin Nijeriya a Zamanin Tsari Mai Basira

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin yadda layin wutar lantarki ya samo asali, da yadda ya yi ta sauya kama har aka iso ga abin da masana ke kira tsarin lantarki mai basira, sa'an nan mu auna inda Nijeriya ta tsaya a cikin wannan tafiya. Abin da muke nufi da tsari mai basira shi ne layin wuta wanda aka haɗa da na'urorin awo da na sadarwa da kwamfuta, ta yadda labari zai riƙa kai da komowa tsakanin tashar da ke samar da wuta da mai amfani da ita, kuma layin ya iya killace sashen da ya sami matsala tun kafin ta bazu. Ra'ayin da za mu kare shi ne, kowace ƙasa ta rungumi wannan tsari ne don magance wata cuta tata ta musamman, don haka tilas mu fara gane tamu cutar daga tarihi kafin mu sayi magani.

Ya kamata tun farko mu tuna da wata ƙa'ida. Layin wuta ba rumbu ba ne, ba ya ajiya. Abin da ake sha a kowane lokaci dole ya yi daidai da abin da injuna ke samarwa. A ƙasarmu wutar tana bugawa sau 50 a cikin sakan ɗaya. Idan nauyi ya fi ƙarfin injuna sai bugun ya ragu, idan ya ragu ƙwarai sai injunan su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya don kada su lalace. Wannan shi ne abin da jaridu ke kira durƙushewar babban layin wuta na ƙasa. Ke nan tarihin layin wuta, a wani ɓangare, tarihi ne na ƙoƙarin sanin halin da layi ke ciki da wuri.

2.0 Mafarin Layin Wuta

A watan Satumba na 1882 Thomas Edison ya buɗe tasharsa a titin Pearl da ke birnin New York. Irin wutar da yake samarwa ba ta iya yin nisa, saboda haka kowace unguwa sai ta sami tasharta. Abin da ya sauya al'amarin shi ne taransifoma da wuta mai kai da komo, wadda ake iya ɗaga ƙarfinta a tura ta nesa, a sake sauke shi a bakin gari. A 1896 aka tura wuta daga magangarar ruwa ta Niagara zuwa birnin Buffalo, tafiyar fiye da mil 20.

Birtaniya, wadda daga wurinta muka gaji tsarinmu, ta daɗe da ɗaruruwan ƙananan tashoshi, kowace da nata ƙarfin wuta da nata bugun. Dokar 1926 ce ta kafa hukumar tsakiya wadda ta shimfiɗa layi mai ƙarfin kilobolt 132, aka kammala shi a 1933, aka kuma daidaita bugun a kan 50. Daga nan siffar layin wuta ta ƙarni na 20 ta tabbata: manyan tashoshi kaɗan, dogayen layuka, wuta tana gangarowa ta hanya ɗaya, mai amfani da ita kuwa ba a jin ɗuriyarsa sai ranar da mai karanta mita ya ƙwanƙwasa ƙofa.

3.0 Layin Wuta a Nijeriya

Wutar lantarki ta fara haska Ikko a 1896, ƙarƙashin sashen ayyuka na gwamnatin mulkin mallaka. A Arewa kuwa haƙar kuza ce ta jawo ta. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya yi amfani da magangarar ruwa ta Kurra a ƙasar Jos don bai wa ma'adinai wuta. Wasu garuruwa, kamar Kano da Katsina, En'e ce ta riƙe musu tashoshinsu. Watau a wancan zamani kowane gari tsibiri ne, babu layin da ya haɗa shi da wani. Dokar 1950 ta kafa hukumar ECN, wadda ta fara aiki a 1951 ta tattara tashoshin gwamnati da na En'e a hannu ɗaya.

Babban sauyi ya zo ne bayan samun mulkin kai. A 1962 aka kafa Hukumar Madatsun Kogin Kwara, aka fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Aikin ya ci tsohon garin Bussa, ya kuma tayar da dubban mutane daga gonakinsu a ƙasashen Borgu da Yawuri. Tashar, mai injuna 8 da ƙarfin megawat 760, ita ce ta haifar da layuka masu ƙarfin kilobolt 330 waɗanda suka zama ƙashin bayan babban layin ƙasa. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA. Tashar Jebba ta biyo baya a 1985, ta Shiroro mai megawat 600 a 1990. Tun 1976 kuma wani layi ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya wani ya bi ta Katsina zuwa Gazawa don ciyar da Maraɗi da Damagaram.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, manyan tashoshin ruwa duk suna yankin Kwara da Kogin Kaduna, manyan tashoshin iskar gas kuwa, irin su Egbin da Afam da Sapele, suna Kudu. Arewa mai nisa ta dogara ga 'yan dogayen layuka, mafi yawansu kamar reshen bishiya, wanda in aka sare gindinsa ganye duka ya bushe. Na biyu, an fi kashe kuɗi wajen gina tashoshi fiye da kayan awo da sa ido. Cibiyar kula da layin ƙasa da ke Oshogbo ta daɗe tana dogara ga wayar tarho don jin halin da tashoshi da dama ke ciki, domin na'urar sa ido daga nesa, wadda ake kira SCADA, ba ta game layin duka ba.

Sakamakon haka sananne ne ga duk wanda ya san Kakuri a Kaduna, ko Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda ta buɗe a 1957, ta rufe a 2002, ta UNTL kuma ta tsaya a 2007. Ba za mu ɗora laifin duka a kan wuta ba, domin fasa-ƙwaurin atamfa da tsufan injuna sun taka rawa, amma masana'antar da ke ƙona man dizil dare da rana ba ta iya gasa da wadda ke da tsayayyar wuta.

Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta rushe NEPA, ta kafa hukumar sa ido ta NERC. A ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa mafi yawan kamfanonin samar da wuta da na rarrabawa ga 'yan kasuwa. Kamfanonin rarrabawa 11 ne a lokacin, cikinsu har da na Kano da Kaduna da Jos da Yola, babban layi kuwa ya zauna a hannun gwamnati ƙarƙashin TCN. Mallaka ta sauya, siffar layin ba ta sauya ba.

4.0 Yadda Tsari Mai Basira Ya Bayyana

A Amurka tsoron ɗaukewar wuta ne ya yi jagora. A ranar 9 ga Nuwamba 1965 wuta ta ɗauke wa mutane kimanin miliyan 30 a arewa maso gabashin ƙasar da wani yanki na Kanada. A 1988 masana a jami'ar Virginia Tech suka ƙera na'urar da ke auna halin wuta sau da dama a cikin sakan ɗaya, tana daidaita agogonta da tauraron ɗan'adam, alhali SCADA sai bayan 'yan sakanni take kawo labari. Amma ba a baza ta sosai ba sai bayan abin da ya faru ranar 14 ga Agusta 2003. A ranar wasu layuka a jihar Ohio suka yi zafi suka sunkuyo suka taɓa bishiyoyi, na'urar gargaɗi a ɗakin kula da layi kuma ta daina aiki ba tare da ma'aikata sun farga ba. Kafin yamma mutane wajen miliyan 50 sun shiga duhu. Dokar makamashi ta 2007 ta mayar da tsari mai basira manufar ƙasa, a 2009 kuma aka ware dala biliyan 4.5 don sabunta layuka.

A Italiya damuwar daban ce. Kamfanin Enel yana neman rage kuɗin karanta mita da satar wuta, sai ya sanya mitoci masu aika labari da kansu kimanin miliyan 30 tsakanin 2001 da 2006. A Afirka ta Kudu kuwa, matsalar ita ce yadda za a kai wuta unguwannin baƙaƙen fata da aka ware a zamanin wariya, inda babu adireshi babu gidan waya. Daga nan mitar kati ta bunƙasa, aka tsara mata ƙa'idar lambobi 20 a farkon shekarun 1990, wadda ita ce muke lodawa a gidajenmu. A Jamus da Ostareliya, yawan faranti masu zuƙar hasken rana a kan rufin gidaje ya sa wuta ta fara komawa baya, daga gida zuwa layi, abin da tsohon tsari bai san da shi ba.

Wannan tarihi yana ɗauke da gargaɗi. A watan Disamba 2015 masu kutse ta kwamfuta suka kashe wa gidaje fiye da 200,000 wuta a Yukiren, suka nuna cewa layin da ke jin umarni daga nesa yana iya jin na maƙiyi. A ranar 28 ga Afrilu 2025 kuma Sifen da Fotugal suka rasa wuta gaba ɗaya, duk da cewa Sifen ta riga ta sanya mitoci na zamani a kusan kowane gida. Binciken da ya biyo baya ya nuna gazawa ce wajen riƙe ƙarfin wuta a kan babban layi. Ashe mita kaɗai ba ta tsayar da layi.

5.0 Matsayin Nijeriya

Idan muka ɗora tarihinmu a kan wannan ma'auni, za mu ga cutarmu kashi uku ce. Ta farko rashin awo a wajen mai amfani da wuta. Alƙaluman NERC sun nuna cewa a ƙarshen 2024 fiye da rabin masu rajista ba su da mita, duk da shirye-shiryen raba mita na 2018 da 2020. Wanda ake yi wa kuɗin ƙiyasi ba ya ganin dalilin tsimin wuta, sau da yawa ma ba ya ganin dalilin biya. Kamfanin da ba a biya shi ba kuwa ba ya iya sayen taransifoma, balle ya biya masu samar da wuta, su kuma su biya masu gas.

Ta biyu rashin ido a kan babban layi. Tashoshin da aka girka suna da ƙarfin kimanin megawat 13,000, amma mafi yawan abin da aka taɓa turawa zuwa watan Maris 2025 bai wuce kimanin 5,800 ba, kuma a 2024 layin ya durƙushe sau da dama.

Ta uku ita ce siffar reshe da muka ambata a baya. A watan Oktoba 2024, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, sai layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda ya rage yana ciyar da Arewa, shi ma ya sami matsala. Jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, asibitoci da masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara duk suka ɗanɗana. Haka ma Nijar ta ga illar dogaro ga layi ɗaya lokacin da aka yanke mata wuta a watan Agusta 2023 bayan juyin mulki, har zuwa farkon 2024. Babu kwamfutar da za ta karkatar da wuta zuwa wata hanya idan ba a gina hanyar ba.

Sai dai akwai ƙofar da ta buɗe. Ƙa'idojin NERC na 2016 sun halatta ƙananan layuka masu zaman kansu, a 2019 aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, dokar lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu. Abin sha'awa ga mai nazarin tarihi shi ne, wannan ya yi kama da zamanin tashoshin En'e, da bambanci guda: na'urorin yau suna iya haɗa ƙaramin layi da babba idan akwai wuta, su raba su idan babban ya faɗi.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa Amurka ta nemi ido a kan layi, Italiya ta nemi sauƙin karatun mita, Afirka ta Kudu ta nemi hanyar karɓar kuɗi daga talaka. Nijeriya tana bukatar duka ukun, tare da abin da su suka riga suka mallaka, watau layi mai hanyoyi da yawa. Bisa ga haka muke ba da shawara a bi aikin daki-daki: a kammala SCADA a kan dukkan tashoshin babban layi, a sanya mita a kan kowace taransifoma da kowane gida, a ƙara layukan da za su mayar da reshen Arewa ya zama zobe, a kuma ƙarfafa ƙananan layukan hasken rana a kasuwanni da asibitoci da makarantu. Jami'o'inmu da kwalejojin fasaha su ma da nasu nauyin, domin na'urar da ba mu da mai gyara ta a gida takan zama kwantai cikin 'yan shekaru. Muna kuma kira ga masana tarihi da su tattara takardun tashoshin En'e na Kano da Katsina da na NESCO, da bayanan tsofaffin ma'aikatan ECN da NEPA tun suna raye, domin masu tsara dokokin lantarki na jihohi su amfana da su.