Randar Talaka da Siton Gwamnati

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ya san saman-saman. Sunan da mutanen Gana suka laƙaba wa ma'aikacin tsabta ke nan, wanda 'yan uwanmu na Nijeriya ke kira duba-gari, wasu kuma su ce tankas. Asalin sunan daga sammaci ne, domin da shi aka fi saninsa: ya shigo gida, ya leƙa randa, ya duba kwata da bayan gida, in ya ga abin da bai yi masa ba ya rubuta takardar kotu. Sama da shekara 100 ke nan wannan takarda tana yawo a lungunan zangunan Akra, birnin da kakanninmu ke kira Ankara. In mai gida ya yi sakaci da randarsa, an san kotun da za a kai shi. To in hukuma ce ta yi sakaci da lafiyar jama'a, wa ke rubuta mata sammaci? Mu bi tarihi mu gani.

A farkon shekarar 1908 annoba ta ɓarke a Akra, irin wadda ƙumar ɓera ke yaɗawa, ta kashe ɗaruruwan mutane a birnin da garuruwan da ke kewaye. Turawan mulkin mallaka suka ɗauko Farfesa W. J. Simpson daga Ingila. Aka killace gari, aka rushe gidajen da aka ce sun cushe, aka buɗe sababbin unguwanni irin su Adabraka da Korle Gonno. A 'yan shekarun da suka biyo baya ne Malam Bako ya kwashi jama'arsa daga tsohon zangon tsakiyar gari ya kafa Sabon Zango. A 1911 kuma, bayan zazzaɓin shawara ya yi ɓarna a Sekondi, aka kafa dokar kashe sauro. Daga ranar, samun 'ya'yan sauro a randar mutum ya zama laifin da ake ci wa tara.

Wadda ta fi shan wannan doka ita ce matar gida. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke ajiye shi, kuma tana ajiyewa ne don babu famfo kusa da ita. Ruwan famfo daga Weija bai iso Akra ba sai 1914, da ya iso ma bai kai kowace unguwa ba. Su kuwa Turawa sun keɓe wa kansu unguwar Ridge, nesa da hayaniyar gari da kwatocinsa. Hukumar da ba ta kawo famfo ba ita ce ke cin tarar mai randa, kuma babu kotun da mai randar za ta kai kukanta. A kan wannan tubali aka gina dokar tsabta ta birnin.

Nima ta zo daga baya. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya samu fili daga gidan Odoi Kwao na Osu, jama'a suka fara zama. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta cika da masu neman aiki a sansanonin soja da gidajen Turawa da ke kusa: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Kotokoli, Mosi, Farafara, da sauransu. Amma har zuwa farkon shekarun 1950 Nima tana wajen iyakar hukumar birni. Ma'ana, shekara kusan 20 ana gini babu tsarin titi, babu magudanar ruwa, babu wanda doka ta ɗora wa alhakin kwashe bola. Da aka shigar da ita cikin birni, an riga an yi ginin, rafin da ya ratsa tsakanin Nima da Mamobi kuwa ya kama hanyar zama babbar kwatar da muka sani a yau.

Bayan samun mulkin kai a 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah ta sa magani a asibitin gwamnati ya zama kusan kyauta. Abin bai ɗore ba. Kwalara ta shigo Gana a 1970 ta samu wurin zama a unguwannin da ke da cunkoso. A 1985 aka ƙara kuɗin asibiti sosai, daga nan aka shiga zamanin "kash an kari", wato sai ka biya a ba ka magani. Iyayenmu na tuna yadda ake zagaya gida-gida ana haɗa kuɗi mara lafiya na kwance. Sai a 2003, zamanin Shugaba John Kufuor, aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa. A duk waɗannan sauye-sauye, abu ɗaya ne bai motsa ba: takardar saman-saman gidan talaka kawai ta sani.

An taɓa juya akalar sau ɗaya, kuma ya kamata a riƙa tunawa da shi. Wani lauya, Nana Adjei Ampofo, ya kai hukumar birnin Akra da Antoni Janar ƙara Kotun Ƙoli a kan bayan gida na bokiti, wanda leburori ke ɗauka a ka cikin dare. Ya ce wannan aiki cin mutuncin ɗan Adam ne, ya saɓa wa kundin tsarin mulki. A 2008 kotu ta ba shi gaskiya, ta ba hukumar birni shekara biyar ta kawar da bokitin, ta kuma samar da bayan gida na zamani. Wa'adin ya cika a 2013. A 2014 kwalara mafi muni a tarihin ƙasar ta ɓarke, ta kama mutum sama da 28,000, ta kashe fiye da 240, kuma yankin Akra ne ya fi shan wuya. Amsar da gwamnati ta bayar ita ce ranar tsabta ta ƙasa, Asabar ɗin farko ta kowane wata, wadda aka fara a Nuwamban shekarar. Jama'a suka fito da tsintsiya da shebur. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, amma waɗanda ke farke aka tasa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Gana ba ta da dokar hukunta manya. Tana da ita. A 1993, zamanin Jerry Rawlings, aka ƙara sashe na 179A a dokar manyan laifuka, wanda ya mai da jawo wa ƙasa asarar kuɗi da gangan laifin ɗauri. Mutanen zango sun san kaifin wannan sashe. A 2001 Malam Yusif Isa, ministan matasa da wasanni a sabuwar gwamnatin Kufuor, ya tafi Sudan da dala 46,000 na ladan 'yan wasan Black Stars, kuɗin suka yi ɓatan dabo. Shi dai ya ce bai ci ba. Cikin 'yan watanni aka tuɓe shi, aka gurfanar da shi, aka yanke masa shekara huɗu, daga baya aka yi masa afuwa. Ashe in an so, shari'ar minista ba ta kai shekara.

Yanzu mu auna wannan da abin da ya shafi asibiti. A ranar 13 ga Janairun 2015 gobara ta cinye babban siton magunguna na ƙasa da ke Tema, inda asibitocin gwamnati, har da namu na Mamobi, ke dogaro. An ƙiyasta asarar da kimanin dala miliyan 80, har da magungunan zazzaɓin cizon sauro da na ƙanjamau da gidajen sauro. Binciken gwamnati ya gano cewa sa wutar aka yi da gangan don a ɓoye shaidar almundahana. A farkon 2016 aka dakatar da ma'aikata 12. Gwamnati ta sauya hannu a 2017 kotu ba ta yanke wa kowa hukunci ba.

Sai batun motocin ɗaukar marasa lafiya. A 2012 aka ƙulla kwangilar sayo mota 200 da kamfanin Big Sea na Dubai. Guda 30 suka iso, aka ce ba su cika ƙa'ida ba, aka ajiye su suna shan rana. A 2018 aka bayyana cewa motocin da ke aiki a duk ƙasar 55 ne kacal. A wannan shekarar ne wani dattijo ɗan shekara 70 ya rasu cikin mota a ƙofar asibiti a Akra, bayan asibiti bakwai sun ce babu gado. Shari'ar motocin ba ta kankama ba sai 2022, lokacin da gwamnatin NPP ta tuhumi Cassiel Ato Forson na NDC, tsohon mataimakin ministan kuɗi, da wasu mutum biyu da jawo asarar yuro miliyan 2.37. A Yulin 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, ta ce ba a kawo hujjar da za ta sa ya kare kansa ba. Wanda kotu ta wanke ya wanku. Sai dai kuɗin sun fita, motocin ba su ɗauki mara lafiya ba, kuma bayan shekara 12 ba a nuna wa jama'a wanda alhakin ke wuyansa ba.

A ɗaya ɓangaren ma haka abin yake. A 2021 ministan lafiya na NPP, Kwaku Agyeman-Manu, ya sa hannu a yarjejeniyar sayen rigakafin korona samfurin Sputnik V ta hannun wani basaraken Dubai, a kan dala 19 kowace allura, alhali farashin da masu yin ta suka sanar bai wuce dala 10 ba. Jaridar VG ta ƙasar Nowe ce ta fallasa. Ministan ya amsa a gaban kwamitin majalisa cewa bai nemi amincewar majalisar ba, ya ce halin gaggawa ne ya sa. An dawo da mafi yawan kuɗin da aka biya, shi kuma ya ci gaba da riƙe kujerarsa har Fabrairun 2024.

Me ya sa haka? Dalili biyu ne a fili. Na farko, sashe na 88 na kundin tsarin mulkin 1992 ya danƙa ikon gurfanarwa a hannun Antoni Janar, shi kuwa minista ne, shugaban ƙasa ke naɗa shi, tare da ministan lafiya suke zama a majalisar ministoci. Saboda haka shari'ar manya takan jira zaɓe, sai gwamnati ta faɗi a buɗe kundinta, wanda ake tuhuma kuma ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ce. Laifi tudu ne, kowace jam'iyya ta taka nata tana hango na wata. An kafa ofishin mai gabatar da ƙara na musamman a ƙarƙashin dokar 2017 don rage wannan, amma wanda ya fara riƙe shi, Martin Amidu, ya ajiye aiki a Nuwamban 2020 yana kukan katsalandan.

Na biyu, sashe na 179A kuɗi yake ƙirgawa. Yana tambayar nawa aka yi asara, ba ya tambayar mutum nawa suka mutu suna jiran mota ko magani. A Faransa an taɓa yin shari'ar da ta tambayi wannan. Bayan an ba masu ciwon rashin daskarewar jini kayan jinin da ke ɗauke da ƙwayar ƙanjamau a tsakiyar shekarun 1980, an ɗaure shugaban cibiyar jini ta ƙasa, Michel Garretta, shekara huɗu a 1992. A 1999 tsohon Firayim Minista Laurent Fabius da ministoci biyu suka tsaya gaban kotu. An wanke biyu, an samu ɗaya da laifi ba a ɗaure shi ba. Iyalan mamatan da dama ba su gamsu ba, amma sun ga manya suna amsa tambaya a kan ran 'ya'yansu.

Wannan ba kira ne a bar gida da ƙazanta ba. Tsabta tana cikin addini, kuma mai zuba bola a kwata cikin dare ya cancanci tararsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da muke nema shi ne mudu ɗaya: wanda aka auna wa mai randa, a auna wa mai riƙe da mabuɗin sito.

Hanyoyin kuwa suna nan. Hukuncin 2008 ya nuna cewa mutum ɗaya na iya kai hukuma Kotun Ƙoli ya yi nasara, ya kuma nuna cewa hukuncin da ba a bi sawunsa ba takarda ce kawai. A 2017 Kotun Ƙoli ta umarci Odita Janar ya riƙa tilasta wa jami'an da suka kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba su biya daga aljihunsu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba kowa damar ya rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani a rubuce. Tun 2018 kuma Nima da Mamobi ke ƙarƙashin hukumominsu na Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, ofisoshin da ba sai an yi doguwar tafiya ake isa gare su ba. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 200 a 2019 don magance ambaliya a yankin kogin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka lissafa. Kowane ɗan unguwa na da haƙƙin ya tambayi nawa aka kashe, wa aka ba aikin, yaushe za a gama.

Sarakunanmu na zango, limamanmu, ƙungiyoyin matasa da na mata, da mu masu riƙe da makirfo a gidajen rediyo, mun saba tarbar 'yan siyasa da buhun shinkafa da sukari lokacin azumi, mu yi godiya mu yi addu'a. Godiya ba ta hana tambaya. In ɗan takara ya zo, a ajiye masa takarda mai kwanan wata: gadaje nawa ne a asibitin Mamobi, motar ɗaukar marasa lafiya ta mazaɓa tana tashi ko tana kan dutse, ina aka kwana a aikin kwata. A ajiye kwafinta a masallaci da fadar sarki, a karanta masa ita in ya dawo bayan shekara huɗu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.